Ranar da Akuya Ta Lashe Mini Ciwo

A ƙauyenmu, can bisa tudun da ke tsakanin Buza da Deule, in baƙo ya tambayi gidanmu ba a faɗa masa sunan Baba. Sai a ce, "Gidan masu ja? Ga shi can bayan rumbunan nan," a nuna masa da baki. Mu kuwa ko a jikinmu, don gaskiya ce. Kakata ta wajen uba da shi aka haife ta, ita ma wajen ubanta ta gado, ta ba Baba, Baba ya ba yayata da ƙannena maza biyu. Ja kawai muke ce masa, ba mu san masa wani suna ba, kuma har muka girma ba mu ji labarin wani gida mai irinsa ba a duk Adar.

Iri biyu ne. Akwai mai yawo: yau ka ga kafaɗa ta yi jawur kamar an gasa ta da wuta, jibi ya bar nan ya koma cinya ko ciki. Akwai kuma mai zama, wanda ke kama gwiwa da gwiwar hannu da wuya da idon sawu, fatar wurin ta yi kauri, ta yi duhu, ta yi kaushi kamar kirgi. In ɗari ya shigo sai ta tsattsage, ta yi ta zafi. Amma ba ya kisa, ba ya hana aiki. Baba yana noma gonarsa ya taya maƙwabta, Kaka kuwa bakinta kaɗai ya ishi unguwa.

Ni kaɗai a cikin 'ya'yan Baba na fito sumul, irin Inna. Wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai. Kowace safiya Kaka takan shimfiɗa tabarma, ta jera masu ja, ta buɗe ƙwaryar man shanun da take musanyawa da dusa wajen matan Fulani, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana murzawa tana yi musu waƙa. In na kutsa na miƙa hannu sai ta ture ni da gwiwa.

"Ke kuma mi ya same ki? Tashi nan! Ke da anka sayo a kasuwar Buza tare da albasa."

Sai na ɓare baki sannan ta ɗiga mini ɗan mai a kan hanci, ta ce in je in yi ta ƙyalli.

Yaya ta girme ni da shekara biyu. Ba ta da surutu, amma in ta sa abu a ranta ko jaki bai kai ta taurin kai ba. Abin da ta sa a ranta kuwa lakwal ne, wato makarantar boko. Bayan babban farin nan aka kafa mana ita a bakin gari, rumfar zana ce da kara, aka turo wani saurayi mai siririn wando ya zama mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakwal. A lokacin babu mai son a ɗauki ɗansa. In an ji za a rubuta yara, wasu a cusa su cikin rumbu, wasu a tura su wajen dangi a Allakaye har ƙura ta lafa. A duk garin yarinya ɗaya ce, Yaya, ta yi wanka da kanta, ta ɗaura zanen salla, ta bi Baba ƙofar maigari tana tsalle. Mushe ya ɗaga kai ya ga wuyanta da hannuwanta, ya ja da baya har ya kusa tuntsurar da tebur, ya toshe hanci da ƙyalle. Ya ce a mayar da ita gida, ba ya ɗaukar mai kuturta ta shafa wa sauran.

Ranar nan gidanmu kamar an yi haihuwa. Mata suka yi ta shigowa barka. Wata maƙwabciyarmu har ta kawo ɗanta ta roƙi Kaka a bar shi ya riƙa kwanciya a tabarmar ƙannena, ya ci tuwo ƙwarya ɗaya da su, ko Allah ya sa ya ɗauka. Wata guda yaron nan yana cinye mana tuwo, ko ɗigo bai fito masa ba, aka kuma kama shi lakwal. Ita kuwa Yaya bayan rumbu ta zaga ta yi kukanta, ni kaɗai na gan ta. Tun daga ranar ta karɓi kiwon awakin gida, kullum kuma ciyawar bayan lakwal ce ta fi yi mata kyau. Tana zaune jikin zana, awaki na ɓarna, ita tana saurare. Shekara biyu tana haka. Kowa ya san abin da take so, kowa kuma ya san ba za ta samu ba.

To, sai shekarata ta zo. Ana cikin yankan hatsi ɗan aiken maigari ya yi sallama, ya ce an riga an rubuta sunayen bana an aika Buza, nawa yana ciki, ranar Litinin a kai ni. Na faɗi ƙasa na yi ta birgima. Na ji labarin bulalar mushe, na kuma ga da idona yadda ake rataya wa yaro ƙashin kan jaki a wuya in ya yi kuskure ya yi Hausa a aji. Ni da bakina ba ya rufuwa, ai da ƙashin nan zan tsufa.

Kaka ta ce, "Yi mini shiru! Ba inda za ki. Wa za ya ɗebo mini ruwa? Wa za ya tsince mini ƙwarƙwata? Mu da Allah ya yi wa katanga, a ce an ƙetaro an ɗauke mana ɗiya?"

Inna ta ce, "Iya, ai wagga ba ta da shi."

"Za ta yi shi kafin Litinin."

Da hantsin Litinin, Baba ya ɗauki lauje ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, zai same mu a ƙofar maigari. Kaka ta fito da kayan aikinta. Jan ƙasa ta sa aka ɗebo mata daga bakin fako, ta tankaɗe shi. Ta jiƙa ƙaro tun jiya ya yi yauƙi. Ta kawo dusar dawa don kaushi, da ɗan lalle don kada launin ya gudu. Da ta gwada a bayan hannuna ya bushe, sai ta ga ya yi sumul da yawa, bai tsage irin na gaske ba. Can ta ce a miƙo mata kanwa. Ta daka, ta zuba da yawa, ta sake gwadawa. Ya tsattsage tsaf. Ta yi guɗa ita kaɗai.

Sai ta kira Yaya ta zaunar da ita gabana, ta ce ta sauke zane zuwa ƙugu. Tana duban jikin Yaya tana zanawa a nawa: wuya, gwiwar hannu, gwiwa, idon sawu, har wani mai yawo da ya fito mata a haƙarƙari a makon nan sai da aka yi mini irinsa. Yaya ce ma ke riƙe da ƙoƙon. Ni kuwa murna kamar in tashi sama, ga tsira daga lakwal, ga shi yau ni ma na zama mai ja, har Kaka ta shafe ni da man shanu tun daga kai har ƙafa ba tare da na yi kuka ba. Ko sau ɗaya ban dubi fuskar Yaya ba. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni, an zaunar da ita ana kwafar abin da ya hana ta abin da take so, don a hana ni abin da ba na so.

Aka shanya ni a rana na bushe. Inna ta fito daga madafa ta gan ni, ta dafe bango tana dariya har da hawaye.

"Iya, ku ji tsoron Allah. Za ku kunyata mu gaban mutane."

"In kin iya, zo ki gyara. In ba ki iya ba, koma ga tukunyarki."

Muka kama hanya, Kaka a gaba, ni a tsakiya ina tafiya a sanƙame don kada ciwona ya zube, Inna da Yaya a baya. Bayan Yaya kuma wata jar akuyarmu mai kwaɗayin tsiya, wadda ba ta rabuwa da ita ko rijiya za ta.

Abin da Kaka ba ta sani ba, ranar ba mushe kaɗai ba ne. Tun da za a tara yara, an haɗa da yin lamba, wato allurar rigakafi, majo, babban malamin asibiti, ya zo daga likitar Buza da akwatinsa. Dattijo ne mai tumbi, bakinsa jawur da goro, yana yi wa yara allura yana zolayar iyayensu. Duk yaron da aka kira sai ya bi ta hannunsa kafin ya isa teburin mushe. Kaka ta gan shi ta ɗan yi turus, sannan ta gyara lulluɓi ta ce mini in sunkuyar da kai, in yi kalar tausayi.

Layi ya yi tsawo, rana ta take. Gumi ya fara tsattsafo mini, kanwar nan ta jiƙe ta shiga cizo. Wayyo Allah! Ƙaiƙayi kamar an zuba mini tururuwa. In na ɗaga hannu zan sosa, Kaka ta mintsine ni. Ƙudaje suka yanyame ni saboda man shanu. Ina cikin wannan azaba aka kira sunana, Kaka ta ja ni gaban majo tana sharar hawayen da babu su.

"Majo, ku duba marainiyar Allah. Ciwon gidanmu ne, ya kama ta dut jiki. Ni tsorona kada ta shafa wa ɗiyan mutane."

Mushe ya hango ni daga teburinsa, ya fara laluben ƙyallensa. Saura ƙiris aiki ya yi kyau. Sai na ji wani abu mai ɗumi da kaushi yana bin bayan gwiwata. Daɗi ya kama ni, don daidai wurin ƙaiƙayin ne, na tsaya cak. Ashe akuyar nan ce ta shinshino kanwa da dusa. Ta lashe bayan gwiwa, ta zagayo gaba, ta kafa kai tana aiki bilhaƙƙi. Kaka ta kai mata duka ta goce, ta koma ɗaya ƙafar. Kafin a kama ta, gwiwata ta dama ta fito baƙa sumul tana sheƙi.

Kowa ya zuba wa gwiwar ido. Sai wani yaro ya ce, "La! Akuya ta cinye kuturta!" Ai kuwa sai dariya ta ɓarke. Maigari ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Majo ya tsoma auduga a ruwa ya goga mini a wuya, ya duba audugar, ya shinshina.

"Tsohuwa, shekara ashirin ina aikin ga, ban taɓa ganin ciwo mai saurin warkewa awa wanga ba."

Kaka ko gezau. Ta ce, "Albarkar hannunku ce, majo. Allah ya ƙara ilimi."

Majo ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Da ya nitsa sai ya sake duban zanen da ya rage a hannuna, ya ce wanda ya yi wannan ba da ka ya yi ba, yana kallon wani abu ne. Ina na gasken? Kowa ya waiwaya wajen Yaya, tana can gefe riƙe da wuyan akuya. Ya yafito ta. Ta zo tana jan zane tana rufe hannuwa.

Ya ce, "Miƙo, ɗiyata." Ya kama hannun nan da hannunsa tsirara, ya murza gwiwar, ya danna jan wurin ya saki, ya tsikare ta da tsinke ya tambaye ta ko ta ji. Ta ce ta ji mana. Ya duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. A sanina wannan ne karo na farko da baƙo ya taɓa ta. Ya tambayi su wa ke da shi, Kaka ta nuna nata, Baba da ya iso yana tsaye a baya ya naɗe hannun riga. Majo ya juya wajen Inna ya ce shekara nawa tana gidan.

"Sha biyar."

"Kin ɗauka?"

"Ko ɗigo."

Daga cikin mata sai maƙwabciyar nan ta ɗaga murya, "Ba a ɗaukarsa, majo, ni shaida ce! Wata guda na kai ɗana, asarar tafiya kawai na yi." Aka sake tuntsirewa.

Majo ya ce ba kuturta ba ce, ba ƙazwa ba ce, abu ne na jini da ake haifar mutum da shi, ba ya tsallakawa jikin wani. Shi bai san maganin da ke raba mutum da shi ba, a ci gaba da shafa mai, a rufe jiki lokacin ɗari. Sannan ya juya ya yi wa mushe magana da Faransanci, a hankali, amma doguwa. Ba mu ji ko kalma ba, mun dai ga mushe yana mayar da ƙyallensa aljihu, yana duban ƙasa.

A nan ne Yaya ta yi abin da ba wanda ya zata. Ta saki zane, ta je gaban tebur ta ƙame kamar soja, ta fara ƙirga da Faransanci. Ta wuce goma, ta wuce ashirin, ta wuce inda 'yan aji biyu ke tsayawa suna sosa ƙeya. Ba wanda ya tsayar da ita sai da numfashinta ya ƙare. Ta ja wani, ta ɗora da waƙar da suke yi da safe in za a ɗaga tuta. Mushe ya saki baki. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce shi ne, ta bayan zana.

Ya daɗe yana juya alƙalami. Sannan ya ce da Hausarsa ta mutanen Yamai, shi ya yi kuskure, ya kuma ji kunya, amma abin ya fi ƙarfinsa yanzu. 'Yan shekara bakwai zuwa takwas ake ɗauka, ita ta kai tara. Takarda kuma ta riga ta tafi Buza an buga mata hatimi, suna ɗaya ne daga gidanmu, nawa. In ya soke ya sa wani, sai an tambaye shi dalili.

Na dubi Yaya. Na ce shi ke nan, yanzu za ta zaga bayan rumbu. Amma ba ta motsa ba.

Ta ce, "Mushe, mutanen Buza sun san fuskarta?"

"Fuskar wa?"

Ta nuna ni da baki, ina tsaye rabi ja rabi baƙa. "In kun kira sunan, ni sai in amsa."

Maigari ya yi tari ya ce shi kunnensa ba ya ji sosai kwanan nan. Majo ya ce shi allura ta kawo shi. Mushe ya dubi takarda, ya dubi Yaya, ya ce shi dai yarinya ɗaya aka ce ya karɓa daga gidan nan, mai wannan suna, kuma babu hoto a jiki. Kaka ce kaɗai ta tubure, kuma a karon nan hawayen gaske ne a idonta.

"Ke ba ki da hankali? Ɗiyan mutane za su sa ki gaba da dariya. Ni na san abin da na sha."

Yaya ta ce, "Kaka, dariyar ai ko a bakin rijiya ana yi mini. Gara a yi mini ita ina zaune a ciki."

Baba bai cika sa baki a maganar Kaka ba, amma ranar ya matso ya ce, "Iya, ku bar ta ta tahi." Kaka ta fyace hanci da bakin zane, ta ce to ai shi ke nan, amma sunan ba na kowa ba ne sai na mai shi, a tambaye ta. Duk aka zubo mini ido. Ni da nake neman tsira ko ta halin ƙaƙa, na ce ta ɗauka, in tana so ta haɗa da akuyar. Aka yi wa Yaya lamba a madadina, ni kuma Inna ta ja ni rijiya ta dirje ni da soso har na fi masu ja ja.

Kiwo ya dawo kaina. Ranar da aka buɗe aji na kora awaki, ban san yadda aka yi ba sai ga ni a bayan lakwal, daidai inda ciyawa ta kwanta saboda zaman Yaya. Na ji mushe ya buga tebur ya fara kiran suna. Yara na amsawa ciki-ciki kamar waɗanda aka kai yanka. Can sai na ji sunana, da na Baba a haɗe. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce "Na'am!" daga waje. A daidai lokacin wata murya ta amsa daga ciki da Faransanci, da ƙarfi har awaki suka ɗaga kai. Ajin ya kwashe da dariya saboda na'am ɗina, amma ni ban yi dariya ba. Tun da nake da Yaya ban taɓa jin muryarta ta fito haka ba. Na zauna a wurin na yi ta kuka, ba na baƙin ciki ba, ban dai san inda zan sa abin da na ji ba.

Da aka tashi da azahar ta zagayo ta same ni, yatsunta fari fat da alli. Ta zauna kusa da ni, ta goge mini fuska da bakin zanenta, ta tambaye ni ko haushi nake ji an kira ni wata ta amsa. Na ce a'a. Sai ta ce, "Aro ne fa. Ki bari in gama, zan mayar miki da abinki."

Da shekara ta kewayo ni da kaina na ce a kai ni, Kaka ta yi ta zagina da butulu har ƙofar maigari. Sunana yana da mai shi, don haka aka rubuta ni da na Yaya. Da shi na yi jarrabawa, da shi na yi aiki, shi ne a kan kowace takarda tawa, nawa kuma yana kan nata. Mun yi furfura yanzu mu duka biyu. Ba ta mayar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.